Gidan Kifin Montare Da Batun Koya Wa Jama'a Kiyaye Teku

A bakin Tekun Fasifik, a garin Montare na Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, akwai wani gida da aka gina musamman domin ajiye kifaye da sauran halittun teku cikin manyan tankuna masu bangon gilashi, jama'a su biya kuɗi su shiga su gani. An buɗe shi ran 20 ga watan Oktoba, 1984. Tun daga lokacin, in an ɗebe watannin da annobar korona ta sa aka rufe shi, mutum wajen miliyan 2 ke ziyartarsa kowace shekara. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a duniya, akwai ma waɗanda suka fi shi girma nesa ba kusa ba. Kowannensu kuwa, in aka tambayi masu shi dalilin da ya sa suke tsare dabbar da aka halitta cikin yalwar teku a ɗan akwati, amsa ɗaya suke bayarwa, watau wai suna ilmantar da jama'a ne, suna koya musu kiyaye teku. Magana ce mai daɗin ji, amma ba kowane mai faɗarta ya kamata a gaskata ba.

Gidan kifi yana koyarwa ne idan ya cika sharaɗi biyu. Na farko, ya nuna wa baƙo ruwan da ke ƙofarsa, tare da ɓarnar da mutanen wurin suka yi masa da hannunsu. Na biyu, ya sallami baƙon da wani aiki da zai iya yi in ya koma gida. Wanda bai cika waɗannan ba, wurin shaƙatawa ne kurum, ko da ya lulluɓe bangonsa da allunan bayani. Gidan Montare ya cancanci a dube shi domin ya fi yawancin takwarorinsa kusantar cika su, ko da yake shi ma yana da inda ya yi tuntuɓe.

A fara da wurin da aka gina shi. Filin nan da can masana'antar kifin gwangwani ce, ta wani mutumin Norwe mai suna Knut Hovden, wadda aka kafa cikin 1916. Titin da take kai cike yake da irinta, ɗaya na bin ɗaya, dukansu suna rayuwa ne a kan kifi guda, watau sadin, ɗan ƙaramin kifin nan da ake ci da burodi. Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu abin da ake saukewa a Montare kaɗai yakan haura tan 200,000 a shekara. Ba duka ake sa wa a gwangwani ba. Kaso mai yawa niƙe shi ake yi, a tatsi mai, a mai da sauran gari don taki da abincin kaji, saboda wannan ya fi kawo riba. Masanan hukumar kifi ta jihar, cikinsu har da wata mace mai suna Frances Clark, sun yi ta gargaɗi tun shekarun 1930 cewa ana kamun da ya fi ƙarfin teku. Masu masana'antu suka toshe kunne. Kafin farkon shekarun 1950 sadin ya yi ɓatan dabo, injuna suka tsaya, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Sai cikin 1967 hukuma ta dakatar da kamun, bayan aikin gama ya riga ya gama. Masana'antar Hovden ita ce ta ƙarshe da ta rufe, cikin 1973.

Gaskiya ne ba taru kaɗai ya jawo wannan ba. Binciken da aka yi daga baya a kan ɓawon kifi da ya kwanta cikin laka a ƙarƙashin teku ya nuna cewa yawan sadin yana hawa yana sauka tun shekaru ɗaruruwa kafin a kafa masana'antar kifin gwangwani ta farko, gwargwadon ɗumin ruwa da sanyinsa. Amma wannan bai wanke masu masana'antu ba. Manomin da ya ga damina ta yi gardama ya kuma cinye irin shukarsa, ba shi da bakin ɗora wa fari laifi duka.

Lokacin da wasu masana halittun teku su huɗu suka kawo shawarar a mai da kangon masana'antar gidan kifi, attajirin nan David Packard, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin Hewlett-Packard, shi da matarsa Lucile suka ba da dala miliyan 55 aka yi ginin. 'Yarsu Julie Packard, wadda ta karanci tsirran teku, ita ta shugabanci gidan tun daga buɗewarsa har tsawon shekara 40. Abin lura shi ne ba su share alamun masana'antar ba. An bar manyan tukwanen dafa kifi na da a kusa da ƙofar shiga, an yi wa ginin siffar masana'anta. Saboda haka darasin farko da baƙo ke cin karo da shi, tun bai ga kifi ko ɗaya ba, shi ne cewa a daidai inda yake tsaye an taɓa samun arziki mai yawa, aka kuma ƙarar da shi cikin rayuwar mutum guda.

Shawara ta biyu da suka yanke ta fi wannan wuya. A lokacin, al'adar gidajen kifi ita ce a tattaro kifaye masu launi daga tekuna masu nisa, a kuma horar da dabbar dolfin ko ta wel tana tsalle ana tafi. Mutanen Montare suka ce su abin da ke cikin mashigin tekun da ke bayan katangarsu za su nuna. Babban abin kallon da suka gina shi ne kurmin kelf. Kelf wata doguwar ciyawar teku ce mai ruwan ƙasa, wadda ke kafe gindinta a jikin dutse a ƙarƙashin ruwa ta miƙe har sama, ta yi duhuwa kamar itatuwan kurmi, kifaye da ƙananan halittu iri-iri suna fakewa a cikinta. Idan ta sami yadda take so a teku, takan ƙaru da kusan ƙafa 2 a yini ɗaya. Kafin wannan lokaci ba a saba ganin an raya ta cikin tanki ba, mutane da yawa kuma sun ɗauka ba wanda zai biya kuɗinsa don ya kalli ciyawa.

Yadda aka raya ta shi kansa karatu ne. Tsawon tankin ƙafa 28 ne, an bar samansa a buɗe domin rana ta shiga. An kafa wani inji a bisa wanda ke tura ruwan gaba da baya kamar igiyar teku, domin kelf ba ta da saiwar tsotsar abinci irin ta itace, ta jikin ganyenta take sha, sai ruwa yana motsi take samu. Ana zuƙo ruwan ne kai tsaye daga teku, galan wajen 2,000 kowane minti. Da rana a tace shi domin masu kallo su gani sarai, da dare kuwa a sako shi yadda yake, ɗauke da ƙwayayen halittu da irin tsirrai, su sauka su tsira a jikin duwatsun tankin. Ashe ke nan tankin reshe ne na tekun da ke waje. Idan ruwan mashigin ya lalace, gidan kifin ma ya shiga uku. Mai kallo da aka yi wa wannan bayani, sa'an nan ya fita baranda ya ga ganyen kelf na gaske yana lilo a kan ruwa, ya fahimci abin da littafi zai daɗe bai fahimtar da shi ba.

Misali mafi kyau na yadda gidan ke haɗa kallo da ilmi shi ne na karen ruwan teku. Dabba ce mai kyan gani, takan kwanta rigingine a kan ruwa ta ɗora dutse a ƙirji tana fasa abincinta, yara kuma ba sa gajiya da kallonta. Ba ta da kitsen da ke kare sauran dabbobin teku daga sanyi, gashinta ne rigarta, kuma babu dabbar da ta kai ta yawan gashi. Wannan gashi shi ya jawo mata bala'i. Mafarauta sun yi ta kashe ta a ƙarni na 18 da na 19 don fatarta, har aka ɗauka ta ƙare a Kalifoniya, sai cikin 1938 jama'a suka sami labarin wani ɗan garke, kamar guda 50, da ya saura a gaɓar Big Sur. Daga waɗannan ne aka sami wajen 3,000 da ke akwai yanzu.

Mai bayani a gidan ba ya tsayawa kan kyanta. Yakan gaya wa masu kallo cewa domin ta ɗumama jikinta sai ta ci abincin da ya kai rubu'in nauyinta kullum, cikin abin da take ci kuwa har da bushiyar teku, wata 'yar halitta mai ƙaya wadda ita kuma kelf take ci. In babu karen ruwa, bushiya ta yi yawa, ta gwaigwaye kurmin ƙarƙaf, kifayen da ke fakewa ciki su watse, masunci ya dawo da taru wayam. An ga irin wannan a zahiri a arewacin Kalifoniya, inda babu karen ruwa. Cikin 2013 wata cuta ta kashe tauraron teku, wanda shi ne ya rage yana cin bushiya a can, ruwa kuma ya yi ɗumi ƙwarai daga 2014 zuwa 2016. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 90 cikin 100 na kurmin kelf na wannan yanki ya tafi. Yaron da ya shigo don ya ga dabba mai ban dariya, ya fita da sanin cewa cire halitta ɗaya daga wuri yana iya rushe sauran.

Ba a baki kaɗai abin ya tsaya ba. Karnukan ruwan da ake nunawa waɗanda aka ceto ne, ba za su iya komawa teku ba. Tun daga 2001 gidan ya fara ba matan cikinsu riƙon marayun da aka tsinto a gaɓa, su koya musu nutso da neman abinci da gyaran gashi, ma'aikata kuwa su rufe fuskokinsu in za su kusance su don kada su saba da mutum. An saki 37 daga cikin irin waɗannan marayu a wata fadamar bakin teku mai suna Elkhorn tsakanin 2002 da 2016, bincike kuma ya nuna su da 'ya'yansu ne suka kawo fiye da rabin ƙaruwar da aka samu a wurin. Wannan hujja ce da za a iya ƙirgawa.

To, sai batun abin da baƙo zai yi in ya fita. Cikin 1999 gidan ya ƙirƙiro wani shiri mai suna Seafood Watch. Asalinsa ɗan kati ne da ake sa wa a aljihu, an kasa kifayen kasuwa kashi uku. Kore, a saya da kwanciyar rai. Rawaya, a saya amma akwai abin dubawa. Ja, a ƙaurace masa, domin ko dai an kusa ƙarar da shi, ko hanyar kamunsa tana hallaka wasu halittu. An raba miliyoyin wannan kati. Amma ƙarfinsa na gaske ya bayyana ne sa'ad da manyan kantuna da kamfanonin dafa abinci suka fara bin sa wajen sayen kaya, domin mai sayen tan dubu ya fi mai sayen kilo ɗaya faɗa a ji. Kamun kifayen ƙasan teku na yammacin Amurka, wanda gwamnati ta ce ya durƙushe cikin 2000, ya farfaɗo bayan an tsaurara dokoki, har cikin 2014 shirin ya ɗaga darajar iri 21 daga cikinsu. Masunta suka ga cewa ja ba tambarin har abada ba ne.

Shirin ya kuma jawo wa gidan abokan gaba, wannan kuwa alama ce mai kyau. Cikin 2022 ya sa lobsta ta gabashin Amurka, wani babban jatan lande mai tsada, cikin jerin ja, bisa dalilin cewa igiyoyin tarkonta suna iya sarƙe wani irin wel da bai kai 400 ba a duniya duka. Masuntan Jihar Maine suka fusata, suka ce ba a tabbatar igiyoyinsu ne ke kisan ba, cikin 2023 kuma suka kai gidan ƙara kotu kan ɓata suna. Kowa yana iya ganin uzurinsu, tun da abincin iyalinsu ake magana. Duk da haka, gidan kifin da ke da'awar koyar da kiyaye teku amma bai taɓa faɗin abin da ya ɓata wa wani mai kuɗi ko mai ƙuri'a rai ba, da wuya a ce yana koyar da kome.

Masu suka suna da tasu hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa an ce gani ya kori ji, amma ba a ce gani ya sāke hali ba. Cikin 2007 ƙungiyar gidajen namun daji da na kifi ta Amurka ta fitar da wani rahoto mai cewa ziyara tana gyara tunanin mutane game da kiyaye halittu. Cikin 2010 wasu masana suka bi rahoton daki-daki, suka nuna cewa hanyar binciken tana da rauni, domin tambayar mutum a bakin ƙofar fita ko ya ƙaru ba ta auna kome sai ladabinsa. Wani bincike da ya fi wannan tsauri, wanda aka buga cikin 2015, ya tambayi mutum fiye da 5,000 a gidaje 26 na ƙasashe 19, kafin su shiga da bayan sun fito. Waɗanda suka iya ambaton wani aiki na kare halittu sun tashi daga kamar kashi 50 cikin 100 zuwa kusan 59. Ƙaruwa ce, ba a musu, amma 'yar kaɗan ce, kuma sanin aiki daban, yin sa daban. Duk mai gidan kifin da ya ce yini ɗaya yana mai da ɗan yawon buɗe ido mai kishin teku, ya faɗi abin da ba shi da shaida a kai.

Gidan Montare ma bai kuɓuta daga jarabar tara 'yan kallo ba. Cikin 2004 ya sa wata 'yar farar shak, kifin nan mai haƙora da ake tsoro, cikin babban tankinsa, ta yi kwana 198, abin da ba a taɓa yi ba. Mutane suka yi ta tururuwa. Sai da ta kashe wasu shak biyu da ke tare da ita aka mai da ta teku. An sake kawo wasu biyar a shekarun da suka biyo, na ƙarshensu, cikin 2011, ya mutu jim kaɗan bayan an sake shi, daga nan ba a ƙara ba. Masu gidan sun ce nunin ya rage wa mutane ƙiyayyar shak, ya kuma samar da kuɗin bincike. Mai yiwuwa ne. Amma dabbar da ke ratsa teku mil dubbai ba ta da abin da za ta koyar tana kewaya tanki, sai dai a koyi cewa mutum yana iya tsare ta. Dainawar ta fi farawar daraja.

Akwai kuma maganar kuɗin shiga, wanda ya haura dala 50 ga babba. Yawancin masu aikin gona na kwarin Salinas da ke kusa, waɗanda ruwan gonakin da suke aiki ke gangarawa cikin wannan teku, ba su da halin biya. Gidan yana karɓar 'yan makaranta kyauta tun daga farko, cikin 2024 kuma ya buɗe ƙofa kyauta ga masu karɓar taimakon abinci na gwamnati. Da ma tun can ya kamata a yi haka. Ilmin da sai mai hali ke iya saye ba zai kai ga yawancin waɗanda abin ya shafa ba.

Mai karatu da ke zaune Kano ko Damagaram, mil ɗaruruwa daga bakin teku, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Sai ya dubi kifin ƙanƙara da ake soyawa a bakin titi, da gwangwanin sadin da ke kan teburin mai shayi. Daga teku suka fito, wani daga Turai, wani daga gaɓar Afirka ta Yamma da Maroko. Abin da ya faru a Montare kuwa ana maimaita shi a wannan gaɓa. A garin Nuwadibu na Muritaniya, da wasu wurare a Senegal da Gambiya, an kafa masana'antu masu niƙa ƙananan kifaye dangin sadin su mai da su gari da mai, a fitar waje don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi ake samun kilo ɗaya na gari. Masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna cewa kamun ya wuce kima, kamar yadda Frances Clark ta faɗa a zamaninta. Matan da ke ƙyafe kifi a Senegal su suka fara ji a jikinsu, amma tsadar ba a bakin teku take tsayawa ba.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, tana da cibiyar binciken teku a Legas da ta binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa. Duk ranar da wata gwamnati ko wani attajiri ya tashi gina gidan kifi na jama'a, za a sami masu ba shi shawarar ya sayo kifaye masu launi daga Asiya, ya sa fitilu, ya yanka tikiti. Abin da ya kamata ya fara nema shi ne giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa, da bayanin ayu, dabbar nan ta Kwara da Binuwai wadda kowa ya san sunanta amma kaɗan ne suka taɓa ganinta, farauta da madatsun ruwa kuma suna ta rage ta. A nuna taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da gubar da wasu ke zubawa a ruwa, a ajiye su inda kowa zai gani kamar yadda aka bar tukwanen Hovden a bakin ƙofa. A ɗauki Sarkin Ruwa da masunta cikin masu bayani, a biya su, domin sun san lokacin da kowane kifi ke ƙwai, kuma tun kafin zuwan dokar gwamnati suke da al'adar hana su a wasu wurare sai ranar da aka buɗe, kamar yadda ake yi a Matan Fada ta Argungu. A kuma ware ranakun da 'yan makarantun gwamnati za su shiga ba tare da biyan ko kwabo ba, a rubuta wannan cikin dokar kafa gidan tun kafin a aza tubalin farko.